Yadda ake gyara tsamin bakin yaro da wasa a tsakar gida

Yaro ɗan shekara huɗu ya ce "tuta" yana nufin kuka, ya ce "yuwa" yana nufin ruwa, ya ce "tanda" alhali sanda yake nema. A gida an saba, uwa tana ganewa, yayye suna fassarawa. Sai ranar da aka kai shi firamare ko Islamiyya abin yake fitowa fili, malam bai gane ba, yara kuma suna dariya. Wannan shi ne tsamin baki: yaron yana da kalmomi, yana haɗa zance, amma wasu sautuka ba sa fita daidai. Daban yake da in'ina, inda sautin yake daidai amma maganar ke sarƙewa, kuma daban yake da jinkirin magana, inda kalmomin ne ba su zo ba. Wasannin nan na tsamin baki ne kawai. Mai in'ina idan aka tsare shi da "sake faɗa", abin ƙaruwa yake yi.

Masu gyaran furuci ba su da yawa a asibitocinmu, kuma iyalin da ke Kamba ko Zuru ba za su iya zuwa Birnin Kebbi sau biyu a mako ba. Don haka mafi yawan aikin a gida za a yi shi. Aikin kuwa ba mai wuyar fahimta ba ne: sauti ɗaya, minti 10 a rana, yaro ya furta shi daidai sau da yawa. Wasa shi ne abin da zai zaunar da shi har ya cika adadin.

A fara tabbatarwa matsala ce

Ma'aunin da ake amfani da shi mai sauƙi ne. Baƙon da bai san yaro ba ya kamata ya gane kusan rabin maganarsa a shekara 2, kashi uku cikin huɗu a shekara 3, kusan dukkanta a shekara 4. Wani nazari da aka buga a 2018 kan harsuna 27, har da Larabci da Swahili, ya nuna yara kan mallaki mafi yawan baƙaƙen harshensu kafin su wuce shekara 5. Irin su b, m, n, d, t ne ke fara zuwa, k da g su biyo, s, z, sh, c, j su ɗan makara, r kuma ta kan zo a ƙarshe. Ɗan shekara uku da ke cewa "yana" maimakon rana a ƙyale shi. Ɗan shekara huɗu da har yanzu duk k tasa t ce, lokacin aiki ya yi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a ƙasar Kabi, musamman malaman da suka saba da Hausar littafi. Yaron Argungu ko Gwandu da ya ce "hwari", "tahi", "halshe" ko "zamna", lafiyar bakinsa lau, Hausar gidansu yake yi. Haka yaron da ya tashi da Zabarmanci ya ce "kofa" maimakon ƙofa, domin Zabarmanci ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Fulatanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ da ts irin na Hausa. A tambayi masu harshen gidan: idan yana furta nasu daidai, koyon Hausa yake yi, ba gyara yake bukata ba. Mai tsamin baki na gaskiya a duk harsunan da yake yi abin yake bayyana.

Kunne kafin baki

Yaro ba ya furta abin da bai ji ba. Sanƙarau, ƙyanda, hangum, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, shawara mai tsanani a kwanakin jego, da kunnen da ke zubar da ruwa, duk suna iya rage ji. Akwai kuma wanda ya fi ɓuya: ruwa ya taru a bayan dodon kunne bayan mura, ba ciwo ba zazzaɓi, yaron yana ji kamar an toshe masa kunne da auduga. Sautuka marasa ƙarfi irin su s da sh su ne suke fara ɓace masa.

Gwajin gida: a ba shi gwangwani da tsakuwa shida, a ce duk lokacin da ya ji sauti ya jefa ɗaya. A koya masa wasan ido da ido tukuna. Sannan a koma bayansa kamar taku biyu, a furta mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss da murya ta yau da kullum, ana bambanta tazarar da ke tsakaninsu don kada ya yi canke. Idan yana jefawa a kan aaa amma sss tana wuce shi, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a nemi gwajin ji. Ko ya ci gwajin gida, in yana da tarihin ɗaya daga cututtukan nan, a yi na asibiti. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen.

Gidan da ake niƙa dutsen zinari ko ake shigo da kayan haƙa, a nemi gwajin dalma a jinin yaro. Gubar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, ko kaɗan ce a jini tana taɓa ji da koyon magana.

Sai maganar aska. Beli ba shi da hannu a furta k, s ko r na Hausa, cire shi ba ya gyara komai, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Linzamin harshe ma an fi ɗora masa laifin da bai yi ba. A ce yaro ya buɗe baki ya taɓa hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙoran sama, da kan harshensa, ya kuma lashi leɓensa na sama. In ya iya, harshen ya isa aikin magana. In bai iya ba, likita ne zai duba, ba wanzami ba.

Zaɓen sauti da shirin zama

A tara abubuwa 20 zuwa 30 na gida: kofi, sanda, ruwa, gyaɗa, tsintsiya, ƙofa, cokali, riga, ɗaki, zobe da makamantansu. A nuna masa ɗaya bayan ɗaya ya faɗi sunansu da kansa, ana ɗauka a waya. Kada a fara faɗa masa ya maimaita, don kwaikwayo yana ɓoye kuskure. A saurara daga baya a rubuta wane sauti ya koma wane. Cikin waɗanda suka ɓace, a gwada kowane shi kaɗai: "kalli bakina, ce sss." Wanda ya iya kwaikwaya ko da da ƙyar, da shi za a fara. Sauti ɗaya tak. Gidan da ya kama uku lokaci guda yakan ƙare ba ko ɗaya.

Mutum ɗaya ya riƙe aikin. In yaron ɗan fari ne kuma uwa tana jin kunyar zama da shi haka, a ba gwaggo, yaya ko kaka, da sharaɗin wasan jika da kaka ba zai taɓa bakinsa ba. A zauna a tabarma fuska da fuska, haske a fuskar babba, rediyo a kashe, sauran yara a waje. Bayan karin kumallo ko bayan la'asar ya fi, ba lokacin yunwa ko barci ba. Minti 10 sau biyar ko shida a mako ya fi awa guda ranar Asabar. A kawo madubi ƙarami, a kuma nisantar da tsakuwa da murafe daga ƙannen da ba su kai shekara uku ba.

Mataki na farko: ya ji bambanci

Kwana uku zuwa mako guda yaro ba zai furta komai ba, saurare kawai. A ajiye kwano biyu, a ba kowane sauti suna da zai riƙe: k "sautin baya", t "sautin gaba". Babba ya rufe bakinsa da faifai ya ce "ka" ko "ta", yaro ya jefa ƙwallon dabino a kwanon da ya dace. Daga nan a shiga kalmomin da sauti ɗaya ya raba: kuka da tuta, kaya da taya, kura da tura. A cakuɗa su, kada a riƙa yin ɗaya bayan ɗaya, don yara suna saurin gano tsari su daina saurare. In ya ci 9 cikin 10 kwana biyu a jere, a wuce.

Mataki na biyu: nemo sautin a bakinsa

Nan ne ake bukatar haƙuri, kuma kowane sauti da dabararsa.

Mai mayar da k ta zama t, kan harshensa ne yake tashi a inda bayan harshen ya kamata ya tashi. A ce ya buɗe baki sosai, ya danne kan harshen da yatsansa mai tsabta a bayan haƙoran ƙasa, sannan ya yi ƙoƙarin cewa "ta". Da yake gaban ya danne, baya ne zai tashi, sai a ji "ka". In bai yi ba, ya kwanta rigingine ya gwada, ko ya kurkure maƙogwaro da ruwa kaɗan ya ji wurin da ake magana a kai. Kada a zura cokali can ciki, yunƙurin amai zai yi, gobe kuma ya ƙi zama. A fara da ko, ku, ka. A bar ki da ke zuwa gaba, domin a Hausa harshe yana matsowa gaba wajen furta su, ga shi nan a kifi da keke, sai su ja shi ya koma t. G ma haka ake nemo ta, a ƙara murya kawai: ya ɗora hannu a wuya ya ji rawar maƙogwaro.

S iri uku take lalacewa. Wanda ke cewa "tanda", yana toshe iska ne gaba ɗaya. A ce ya yi t-t-t, ya ja ta ƙarshe kamar iska na fita daga tayar keke, a ja yatsa a kan hannunsa tun daga kafaɗa har wuyan hannu don ya ga sauti ne mai tsawo. Na biyu yana turo harshe tsakanin haƙora, kamar harafin Larabci mai ɗigo uku da ke farkon "thumma". Madubi ne maganinsa: haƙora a haɗe, murmushi kaɗan, harshe a ɗaki an rufe ƙofa. In yana cikin famfara, haƙoran gaba sun faɗi, a jira su fito. Na uku shi ne wanda iska ke fita ta gefen harshe, a ji kamar da yawu a ciki. Wannan ba ya tafiya da kansa komai shekaru, don haka kada a jira. A riƙe tsinken shan lemo a tsakiyar haƙoran gaba, ba cikin baki ba, ya yi t mai tsawo. In iskar ta bi tsakiya za a ji tsinken yana kuka, shi ma zai ji, kuma wannan kukan shi ne malaminsa.

R biyu ce a Hausa, ko da yake rubutu bai raba su ba: mai gare, wadda harshe ke karkarwa, ta tara da karatu, da mai kaɗi, wadda harshe ke bugawa sau ɗaya, ta ruwa da rana. Kada a matsa wa yaro a kansu kafin shekara 5. Mai gare daga d ake samo ta. Ya ɗan buɗe baki, haɓa ba ta motsi, ya yi da-da-da da kan harshe a hanƙa, a hankali, sannan da sauri. Daga nan "tada, tada, tada" da gudu, har ta zame ta koma "tara". Sai a yi ƙidaya: bakwai, takwas, tara. Kukan kabu-kabu ko injin ban ruwa, drrr, yana taimaka wa wasu, amma harshe a sake yake karkarwa, yaron da ya ƙanƙame ba zai samu ba. Mai kaɗi kuwa, a naɗe kan harshe baya kaɗan fiye da wurin la, a sake shi ya faɗo gaba da sauri. Ta fi sauƙi tsakanin wasula, don haka gari, gero da kare su riga ruwa, kuma "ba ruwa" ta riga "ruwa" ita kaɗai.

Ƙ sai wanda ya riga ya mallaki k. Ya riƙe numfashi kamar zai ɗaga bokiti cike, ya furta k bai saki numfashin ba. A ɗora yatsansa a maƙogwaron babba ya ji yadda yake tsalle sama. Wasali ya biyo bayan ɗan tsayawa, ƙ…a, a riƙa rage tazarar. Ts ma haka ce daga s.

Busa balan-balan, usur da lasar zuma ba sa cikin wannan aiki. Yara suna son su, amma ba sa gyara furuci, domin yawancin masu tsamin baki ba ƙarfin harshe suka rasa ba, wurin ajiye shi ne ba su sani ba. Mintin da aka kashe a busa an rage shi ne daga furta sautin.

Mataki na uku: wasan su, wato kamun kifi

Da sautin ya fara fita shi kaɗai, a haɗa shi da wasula na kwana biyu ko uku, sannan a shiga kalmomi. A zaɓi biyar gajeru waɗanda babu sautin kuskuren a cikinsu. Ga k: koko, kuka, kaka, kofi, kai. Takalmi, katifa da tukunya su jira, don t da k a kalma ɗaya tarko ne.

A zuba ruwa a roba zurfin yatsu huɗu, a jefa murafen robar lemo guda 10. Matacin shayi ne homa, wato ragar kamun kifi, yaro kuma sarkin ruwa, kamar masuntan kogin Matan Fada ranar bikin Argungu. Kafin ya jefa homa sai ya faɗi kalma sau 5. Murfi 10 ya ba da 50, zagaye biyu 100, kuma adadin da ake nema a zama guda ke nan, tsakanin 50 da 100. Magana ce ke fara zuwa, kamu ya biyo. In aka bar homa a hannunsa yana magana, hankalinsa yana ruwa, don haka babba ya riƙe ta, ya miƙa bayan an cika biyar. An gama a zubar da ruwan nan take saboda masu rarrafe.

In su ya gundure shi, a tona ramuka 10 a ƙasa irin na dara, kowace tsakuwa kalma biyar. Yaron da ba ya iya zama a zana masa 'yar gala-gala, kowane ɗaki ya tsaya ya faɗa kafin ya yi tsalle. Ko a ɓoye kayan a ɗaki ya nemo da tocila. Wasan yana canzawa, kalmomin ba sa canzawa sai ya ci 8 cikin 10 zama uku a jere. A riƙa rubuta sakamakon goman ƙarshe a littafi, don tunani yana yaudara. Bayan farkon kalma a koma tsakiya: baki, doki, buka.

Yabon ya zama mai bayani. "Madalla, na ji sautin baya" ta fi "yawwa" kawai. In ya kuskure ba a cewa a'a, a ce "harshe ya zo gaba, mayar da shi." Ya kuskure sau uku a jere, a sauko mataki ɗaya, a rufe zaman da abin da ya iya.

Mataki na huɗu: wasan kasuwa

Wannan ne ke nuna wa yaro dalilin wahalar. A baje haja bibbiyu: ƙullin kuka da tutar takarda, sanda da tanda, ƙullin kaya da tsohuwar taya. Shi ne mai saye, kuma abin da kunne ya ji shi za a miƙa masa.

"Inna, ba ni tuta."

"Ga tuta, ɗan albarka."

"A'a, wannan!"

"Au, kuka kake so? Tuta na ji. Mayar da harshe baya mu ji."

Ba dariya, ba ja da yawa, sau ɗaya ya kasa a taimaka masa. Kada a yi wannan wasa da yaron da bai iya fitar da sautin ba tukuna, zalunci ne, kuka kawai zai yi. Ga sauran sautuka akwai sauri da tauri, sa da sha, soro da tsoro, baki da baƙi, kafa da ƙafa, gada da gaɗa, rawa da yawa, gora da gola.

Daga kalma zuwa hira

A sa kalmar a jimla mai maimaituwa: "ga koko", "ba ni kofi", "kaka ta sha koko". Sannan aike: ya je ya ce wa yaya ta ba shi kofi. Sannan tatsuniya, ya ba da ita da bakinsa, kuma mai koyon ƙ ba shi da abokiyar aiki kamar Ƙoƙi matar Gizo. Karya-harshe irin na ƙato da kwaɗo da suka tafi koto na ƙarshe ne, bayan sautin ya zauna a hira. In aka fara da shi, tuntuɓe kawai ake koya wa harshe.

A wajen mintin goman nan ba gyara. Ya ce "ina son yuwa", a ce "ruwa kake so? Ga ruwa," a miƙa masa. Kada a hana shi abu sai ya faɗa daidai, kada manya su riƙa maimaita gwarancinsa don yana ba su sha'awa, kuma duk laƙabin da aka sa masa daga tsamin bakinsa a kashe shi yau. A sanar da malamin aji da na Islamiyya sautin da ake aiki a kai. Malamin da ya karanta tajwidi ya san mafitar haruffa, zai gane bayanin da wuri, kuma a roƙe shi kada bulala ta shiga maganar.

Abubuwan da ke yawan tasowa

Yaro ya ce "s-tanda" ko "k-tuta", sabon sauti da tsohon a haɗe. A sa h a tsakani: sss-handa, k-huka, a riƙa gajarta h har ta ɓace, don h ba ta barin harshe ya koma wurin t. Wani kuma sabon sautin ya mamaye ko'ina, tasa ta zama "kasa". Alamar ci gaba ce, a koma kwano biyu da wasan kasuwa na 'yan kwanaki. Wanda ke yi daidai a tabarma amma ya manta a waje, an tsallake masa matakin jimla da aike ne, a koma can. In ci gaba ya tsaya bayan mura, a sake gwajin gwangwani.

Wasu alamu kuwa sun fi ƙarfin tabarma. Maganar da ke fita ta hanci, ko ruwa da nono su biyo hanci, na iya zama tsagewar ganɗa ko da leɓe lafiya yake, kuma tiyata take bukata. Yaron da ke faɗin kalma ɗaya iri uku a zama guda, wasulansa ma suna karkacewa, bakinsa na laluben wuri kafin ya fara, yana bukatar masanin furuci da kansa. Haka mai dalalar yawu da wahalar tauna, da wanda ya iya magana sannan ta koma baya, wannan kam asibiti a makon.

Kowane wata a sake ɗaukar abubuwan gidan nan da aka tara tun farko a waya, a kunna wa wanda bai saba da yaron ba, ya faɗi abin da ya ji ba tare da ganin kayan ba, a ƙirga. In an yi wata uku ana zama akai-akai adadin bai motsa ba, a tafi asibiti da wayar da littafin, a nemi gwajin ji da kuma a haɗa ku da mai gyaran furuci.